Asid ɗin da Ya Yi Tsalle Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar jarrabawar labo, ɗakin gwajin kimiyya, a ajinmu na ƙarshe a lise, wato sakandare, nan Maraɗi. Makon da aka yi darasin ina Jiratawa ina taya babana shuka albasa, amma na shigo ina taƙama (ai na taɓa yin irin gwajin, a tunanina duk asid ɗaya ne).

Aikin shi ne a riƙa ɗiga ruwan soda mai ƙarfi daga biret, dogon bututun gilashin nan, cikin asid, ana kallon na'urar pH. Abin da na sani: lamba ta yi tsalle sau ɗaya, asid ya mutu, an gama.

Aka haɗa ni da Rakiya, 'yar Tibiri. Na ce mata, "Ke dai rubuta."

Na ɗiga, lamba ta yi tsalle. Na ƙara don in tabbatar, ta lafa, can kuma ta sake tsalle. To, wanne ne na gaskiya? Na zubar na sake. Haka dai.

Rakiya ta ce a hankali, "Ka duba kwalbar asid ɗin..."

"Na ce ki rubuta!"

Da na ga sodar ta kusa ƙarewa, makinmu mu biyu zai bi ta, sai na ɗaga murya na kira malaminmu, yadda muke kiransa da Faransanci: "Mushe, na'urarku ta lalace! Tsalle biyu take yi!"

Kowa ya juyo yana kallona. Malamin ya tako, ya juyo mini kwalbar. H₃PO₄.

"Wannan ukun da ke jikin H, ado ne?"

Ya ce asid mai rauni ne, ɗaya bayan ɗaya yake sakin haidurojin ɗinsa. Maimakon in yi shiru, sai na ce, "To ai kuwa ta lalace, Mushe, tsalle uku ya kamata ta yi!"

"Na ukun ba ya fitowa a ruwa, ya yi rauni da yawa. Zauna."

Na zauna, uku ta zama biyu, kaina ya ƙara kullewa. Rakiya ta karɓi biret ta ceto mana makin da 'yar sodar da ta rage.

Har yau in na ratsa unguwar Zariya, wani ɗan kabu-kabu, tsohon ɗan ajinmu, sai ya ƙwala mini, "Injiniya! Har yanzu na'urar a lalace take?" Ni dai na koyi abu guda: in ban gane ba, in rikice a hankali, ba da ƙarfi ba.