Ofishin Ghali a Bakin Teku

"Daga ranar Litinin na daina gogayyar kafaɗa da ku a kasuwa," in ji Ghali, yana goge maiƙon bakinsa a gidan abincin da muke taruwa kusa da titin Liuhua Lu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. "Ofishina ya koma bakin teku. Ni yanzu dijital nomad ne."

Dogara, abokinsa mai aikin kago, wato tura kaya ta jirgi, a unguwar Baiyun, ya tambaya ko wata sabuwar cuta ce ta shigo gari. Ghali ya dube shi da tausayi, ya yi bayani cewa makiyayi ne na zamani, sai dai shi garkensa kwamfuta ce da waya, inda duk ya ga dama nan zai yada zango. Wai Turawa sun daɗe da ganewa, mu ne kawai muka zauna muna hawa bene muna sauka a kasuwar tufafi ta Baima kamar jakunan 'yan yashi.

Bari in gaya maka waye Ghali, don ka san da wa kake. Mutumin Fagge ne, shekararsa shida a Guangzhou yana yi wa 'yan Kantin Kwari sayayya. A aiko masa da hoton kaya, ya shiga kasuwa ya nemo, ya taɓa da hannunsa, ya tura kago. Sinancinsa bai wuce kalma goma sha biyu ba, amma in yana jera su sai ka rantse shi ya koya wa mutanen ƙasar. Muna kiransa Janar Manaja, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce. Kada in ɗora masa shi kaɗai: a ranar mu huɗu muka bi shi gefe muna tambayar sunan garin, har da ni mai ba ka labarin.

Dogara ne kawai ya tuna masa da aikin da ke gabansa. Gwaggon Ghali, Hajiya Saffana, ƙanwar mahaifinsa, wadda ita ce babbar mai ba shi oda, za ta aurar da autarta Firdausi. Ta sa a ɗinko mayafin anko guda ɗari uku, ruwan zuma, kuma dole su hau jirgi ranar Juma'a. Ghali ya kaɗa hannu ya ce ai wannan aikin minti biyar ne ta bidiyo, yana kishingiɗe yana shan ruwan kwakwa.

Ran Litinin ya hau bas, awa huɗu, ya sauka a wani ɗan garin masunta. Otal na farko suka duba fasfonsa suka ce meyo, wato babu. Na biyu ma meyo. Na uku tun yana ƙofa matar ta fara kaɗa masa hannu. Da la'asar ya samu ɗaki a saman shagon wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon bangon maƙwabta. Tekun dai yana jin motsinta daga nesa, amma abin da ke shigowa ɗakin warin kifi ne, wanda kafin magariba ya kama rigarsa da hularsa da sallayarsa.

Abinci kuma sai a hankali. Duk inda ya leƙa, ƙaguwa ce da jatan lande da wasu halittu masu gashin baki suna kallonsa daga cikin baho. Mutumin da ya saba da tuwo da miyar kuka ko a Guangzhou sai ga shi da dafaffen ƙwai uku da farar shinkafa gaya. Duk da haka ya fita ya ɗauki hoton faɗuwar rana, ya turo mana da rubutu a ƙasa: "Wasu na wahala, wasu na aiki."

Washegari da hantsi ya shirya kamar ango. Ya sa shadda fara, ya maƙala wani tabarau mai ruwan ƙasa da ya saya musamman don wannan tafiya, ya ɗauki kujerar roba ta tsohuwa. Ya tarar da yashi shimfiɗe fetal, ruwa ya ja can baya, mutanen gari kuma duk sun takure a sama kusa da titi. Ya yi musu dariyar ƙauyanci a zuci, ya wuce su, ya je har kusa da ruwan ya kafa kujera. Ya cire takalmi, ya zura wayarsa a ciki don kada yashi ya taɓa ta, ya buɗe kwamfuta a cinya.

Yashin bai taɓa wayar ba, kwamfutar ya shiga. Iska ɗaya ta kaɗo, harafin "a" ya ƙame. Kai ka san Bahaushe ba shi da dukiyar da ta wuce wannan harafi. Ya rubuta wa Gwaggo gaisuwa, abin da ya fita shi ne: "Slm Gwggo, y gid, y yr?" Ta maido da saƙon murya tana tambaya ko shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi.

Ana cikin haka Madam Liang ta kira, mai shagon da ke ɗinka mayafan a Baima. Ta ɗago yadi biyu a gaban kyamara, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tana tambayar wanne za a yanka. Rana ta haske fuskar kwamfutar, tabarau kuma ya mayar da duniya gaba ɗaya ruwan zuma, har da tekun da Madam ɗin kanta. Ya kai hannu zai cire shi, sai ya hango wasu 'yan yawon buɗe ido sun tsaya daga sama suna ɗaukarsa hoto. Ya mayar da hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya nuna na dama da ɗan yatsa kamar mai rattaba hannu a kwangilar gada.

"Laoban, wannan?" ta sake tambaya, da shakka a muryarta.

Kalmar laoban, wato maigida, ita ta ƙarasa shi. Ya ce hao, wato to, sau uku, ya kashe kiran.

Bayan kamar awa guda zafi ya ishe shi. Ya cire rigar shaddar ya lulluɓa a kansa har da kwamfutar, irin yadda masu ɗaukar hoto na zamanin da suke yi, ya zare tabarau don ya duba saƙonni. A nan cikin inuwar ya ga hoton da Madam ta turo na yadin da aka ɗora a teburin yanka. Ruwan goro ne, mai ƙyalli, irin na rigar masu sharar titi. Ya hango ƙawayen Gwaggo su ɗari uku sun shigo zauren biki a jere kamar an zo gyaran kwalbati.

Ya hau rubutu, yana neman kalmar Turanci da za ta tsayar da almakashi. Yana ƙarƙashin rigar bai ga komai ba, kuma a duk shekarunsa babu wanda ya taɓa gaya masa cewa teku tana tafiya ta dawo. Shi ruwan da ya sani na dam ɗin Tiga ne, inda ka bar shi nan za ka same shi. Sanyi ya fara ji a idon sawu. Kafin ya yaye rigar, igiyar ruwa ta biyu ta daki kujerar, ƙafafunta suka nutse a yashi, Janar Manaja ya tafi da baya, ofis ya bi shi.

Ya tashi yana salati da kalmar shahada, yana bankwana da duniya, a ruwan da bai kai masa gwiwa ba. Tsohuwa mai kifi ce ta shigo da takalmin robarta ta kamo shi a hannu kamar ta kamo akuya, tana masifa da harshen da ko kalma ɗaya ba ta cikin sha biyunsa. Kwamfutar na zubar da ruwa ta kowace ƙofa. Takalmansa kuwa sun yi gaba da wayar, ɗaya na bin ɗaya. Shi da kansa yake cewa, duk tafiyar nan takalman ne kawai suka yi yawon duniya.

Lamba ɗaya ya haddace a ƙasar, ta Dogara. Ya ari wayar tsohuwa ya kira, ya zayyana abin da ya faru yana haki. Dogara ya ce zai iya tsallakawa shagon ya tsayar da yankan, amma shi bai san ruwan zuman da Hajiya take nufi ba, kuma ba zai ɗauki alhakin anko ba ko da wuƙa a wuyansa. Ghali ya ce to ya karɓi lambar Madam ta manhajar hira ta WeChat ya tura wa Firdausi ta haɗa ta da Gwaggo, na yau kawai.

Nan take Dogara ya hango haɗarin. Ka san mai irin sana'armu ba shi da shago, ba shi da kaya, abin da ya mallaka kawai shi ne ya san inda ake samu, mai oda bai sani ba.

"Ghali, ka tabbata?" in ji Dogara.

"Gwaggo ce fa. Ko saƙo ba ta iya rubutawa, sai na murya. Me za ta gane?"

Sai ran Alhamis ya samu dawowa, da silifas ɗin mijin tsohuwa a ƙafa, shaddar ta yi taswirar gishiri, kujeru biyu na gefensa a bas babu wanda ya yarda ya zauna. Daga tasha bai biya gida ba, ya miƙe Baima yana tsara jawabin da zai yi na yadda ya ceto lamarin daga nesa.

Ya tarar da kwalaye shida an ɗaure, an manna musu suna. Mayafi ɗaya na rataye a sama, ruwan zuma sak. Madam Liang na zaune ta jingina waya da kofin shayi, tana ƙyaƙyata dariya, a cikin wayar kuma ga Gwaggo a shagonta na Kwari, Firdausi a gefenta tana danna musu fassara. A kwana biyu sun gyara launi, sun zaɓi leshin uwar amarya, sun nuna wa juna jikoki, har sun fara maganar kayan sallah. Dogara ya raɗa masa cewa jiya Hajiya ta shigo da ƙawayenta biyu cikin hirar, su ma masu ba Ghali oda ne.

Ya durƙusa a gaban wayar ya gaida ta. Ta amsa da fara'a, ta yi masa barka da arziki, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Ko kalma ɗaya ta faɗa ba ta yi ba, wannan ne ma ya fi tayar masa da hankali. Ya gyara murya ya fara cewa ai dama tsarin da ya shimfiɗa ke nan, ta katse shi a hankali.

"Ghali, ɗan nan, matar nan ta tambaye ni jiya, wai shin kai mene ne aikinka a tsakaninmu. Na yi ta tunani na rasa abin da zan ce mata. Ka san ɗan yayana ne kai, ba zan so a ce ba ka da sana'a a ƙasar mutane ba. Sai na ce kai ne mai ɗaukar mana kaya. Ga ta nan tana kallo, ɗauki kwalin nan, kada ka mayar da ni maƙaryaciya."

Ya sunkuya ya ɗauka. Madam Liang ta dube shi sama da ƙasa, ta ga da sauran wuri, ta ɗora masa na biyu.