Agwagin Hanifa

Da muka fara koyar da Hanifa a gida, a unguwar Danau Kota da muke zaune a ƙasar waje, na ce wa Abbansu ya bar mini lissafi, ni ce nan. Na haɗa mata hanya biyu: littafi don sabon darasi, manhajar waya don ta riƙa bita ita kaɗai. Har lacca na yi wa matan unguwa kan wannan hikima tawa.

Kullum yarinya tana nuna mini waya cike da taurari. In na ce ba wuya? Sai ta ce da yaren mutanen ƙasar, "Boleh lah, Mama!" wato za ta iya. Ni kuwa in ɗauki hoto in tura wa mata.

Rannan maƙwabciyata Maman Sadik ta zo koyon sirrin. Ta karɓi wayar, ta duba, sannan ta ce, "Maman Hanifa, 'yar aji huɗu ce ke ƙirga agwagi?"

Ashe shekarun ƙaninta na sa ranar da na yi mata rajista a manhajar. Wata da watanni tana ƙirga agwagi, lissafin rabawar da ta iya kuwa ta bi ruwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau, in muka wuce tafki a mota, Abbansu sai ya rage gudu ya ce, "Farfesa, ga jarrabawa can tana iyo."