Batirin Malam Yohanna da Auren Sani

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je karɓa wa Sani aure a Bulkachuwa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Sani ɗan ƙanena ne marigayi. Tun da mahaifinsa ya rasu ni ne uba, ni ne kuma wakilin ango. Uban yarinyar ya sa ƙarfe goma sha ɗaya, ya ja min kunne cewa limaminsu ba ya jiran kowa. In ban isa ba, yaron nan zai zauna gaban surukai kamar wanda ba shi da dangi.

Ango da abokansa sun yi gaba tun da safe. Ni na tsaya shiri: farar babbar riga, hula, turare, ga zoben azurfa a yatsa. Ƙarfe tara da rabi na murɗa makulli, mota ta yi ɗan tari ta yi shiru. Ashe fitila na bari a kunne tun jiya. Ga ta kuma irin mai canja giya da kanta, ba a tura ta. (Ɗana ne ya saya min ita bayan na bar kasuwa. Kafin nan keke na hau, shekara talatin da wani abu.)

Sai ga maƙwabcina Malam Yohanna, mutumin kudancin Bauchi, wanda ya tuƙa tarakta a ma'aikatar gona har ya yi ritaya a nan Azare. Ya leƙa ya ce, "Alhaji, batir ne. Ba ni da wayar jonawa, amma a ciro nawa a sa a taka. Yau ba inda za ni."

Ya buɗe gaban motarsa, ya ɗauko sifana. Kafin nan dattawan majalisar ƙofar gidanmu sun taso kallo. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na karɓe sifanar daga hannunsa.

"Kawo in yi, Alhaji, za ka ɓata riga."

"Bar shi, ai ba wani abu ba ne."

"To cire zoben nan tukuna. Kuma baƙar wayar ake fara kwancewa, ba jar ba."

Na dube shi, na dubi jama'a, na ce, "Malam Yohanna, tarakta daban, mota daban. Ni ina harkar mota tun ba ka san hanyar Azare ba."

Aka yi dariya, na kuwa ji daɗinta. (Duk waɗanda suka yi dariyar sun san kekena, wasu har sun ara.) Malam Yohanna ya ja da baya ya harɗe hannu.

Na ɗora sifana a kan jar, don kawai ya ce baƙa. Juyi ɗaya, juyi biyu, a na uku gindin sifanar ya taɓa ƙarfen jikin mota. Abin da na gani wuta ce, fau, tartsatsi har kan gemuna. Sifana ta manne, zobe ya yi zafi kamar an ciro shi daga murhu. Na yi baya na faɗi zaune, hula ta yi nata wuri. Malam Yohanna ne ya sa guntun katako ya doke sifanar, sannan ya kama hannuna ya tsoma a ruwan sanyi ya zare zoben. Kan batirinsa ya narke. Mota ɗaya ce matacciya da na fito, yanzu sun zama biyu, ƙarfe goma kuma ta gota.

Sani ya kira. "Baffa, kuna ina?"

"Muna hanya," na ce, ina zaune a ƙasa.

Malam Yohanna ne dai ya fita titi ya tare mana wata akori-kura mai awaki da ta nufi can. Gaba ya cika, sai baya. Da Malam Yohanna ya ga hannuna a naɗe da tsumma, ya ɗauki goro da dabinon ɗaurin aure ya ce zai raka ni.

Mun isa sha biyu saura. Jama'a na zaune kan tabarmi, liman na duba agogo, Sani kansa a sunkuye. A gabansu aka sauko da wakilin ango daga cikin awaki, riga duk hujin ƙuna, turare ya koma wani abu daban. Uban yarinyar, wanda ashe shi ya yi ta roƙon liman ya ƙara haƙuri, ya taso ya tarye ni.

"Alhaji, lafiya? Hatsari kuka yi?"

A nan ne na yi abin da ya fi ƙunar yatsa ciwo. Na ce, "Wallahi wani maƙwabcina ne ya zo taimako, bai iya ba, ya ƙona mana batir."

Na ɗauka yana can wajen direba. Sai na ji an ajiye kaya kusa da ƙafata. Na waiga, ga Malam Yohanna da goro. Ya durƙusa ya gaida uban yarinyar, ya ce, "Ku yi mana haƙuri, mun makara." Ya koma gefe ya zauna.

An ɗaura aure, an shafa fatiha. Mutum ya kai ɗari da ya zo ya matse min hannun nan yana Allah ya sa alheri, ni kuwa ina amin da hawaye, suna cewa marigayi na tuna. Da aka watse na kasa tafiya da abin a raina. Na kira Malam Yohanna, na jawo uban yarinyar, na ce maganar ɗazu ƙarya na yi, ni na yi ɓarnar, bawan Allahn nan ya hana ni na ƙi ji.

Uban yarinyar ya yi murmushi. "Alhaji, ai tun da na ga mai naɗaɗɗen hannu na san mai aikin."

Malam Yohanna ya yafe min, amma da muka koma gida sai da ya sa na ɗaura masa sabon batir da hannuna, yana tsaye a kaina kamar malamin firamare. A kashe mota, a cire zobe da agogo. Wajen kwancewa baƙa ce farko, wajen ɗaurawa ja ce farko, kuma kada sifana ta taɓa ƙarfe. Ya sa na maimaita sau uku a gaban 'yan majalisa.

Abin da na koya ke nan da furfurata. Na ƙara da guda wanda bai koya min ba: in har za ka ɗora wa mutum laifinka, fara waigawa, sannan ka ɓoye hannunka. In ka ga aikin ya yi yawa, faɗi gaskiya, ta fi sauƙi.