Sarkin Jijiya da Ƙwallon Inabi

Madawa ta yi sa'a, wallahi. Wasu garuruwa sai su shekara bakwai suna jiran ɗansu ya ƙare karatun likita. Mu namu, Mu'awiya, kwana ukku ya yi Yamai ya komo dokotoro. Da can tocila da batir yake saidawa bakin tasha. Yanzu ga farar riga, ga luneti a ido, ga jakar kartabul cike da ƙananan kwalabe. Munka sa mishi Sarkin Jijiya, ya ko amsa da murna.

Ran kasuwa sai ya hau benci ya gyara murya: "Jama'a, wanga ba sassaƙe ba ne! Ƙwallon inabi ne Turawa sunka tatse. Shina wanke jini, shina kwantar da tansiyo, wato hawan jini, tsohuwa ta sha ta koma budurwa. Ni da inabi mun san juna ciki da waje!"

Inna Adawiyya, wata tsohuwa daga Buza da ciwon kai ya sa gaba, ta saurara har ƙarshe. Akuya guda gare ta, ita take tatsa ma jikoki. Ta saida ta, ta sayi kwalba ukku, ta kuma aje maganin asibiti, don Sarkin Jijiya ya ce magani biyu ba su zama ciki guda. Wata ya ƙare, kai na nan yana sara. Abin ya ƙona mini rai, ba ni ɓoyewa.

Sai ga bikin sunan ɗiyar Mukhtar direba, mai bin hanyar Agadas. Anka shimfiɗa ma Dokotoro darduma shi kaɗai, ai ilimi bai zama kan tabarma. Don girmamawa, Mukhtar ya aje mishi faranti cike da tsarabar lambunan arewa. Gwanin ya shiga ci yana tofar da ƙwallayen cikin ƙasa, tuf, tuf.

"Mukhtar, wagga kanya taku ba laihi," in ji shi, "sai dai ƙwallo ya yi mata yawa."

Mukhtar ya sosa ƙeya. "Dokotoro, ai inabi ne."

Inna Adawiyya, da ta fito da ƙwaryar fura, ta aje ta, ta durƙusa gaban dardumar tana tsintar ƙwallayen ɗaya-ɗaya tana ƙullewa a bakin zane.

"Ci gaba da tofi, ɗana," ta ce. "Akuyata ce kake zubarwa. Bari in koma gida da ko wutsiya."