Ruwan da Ba Ya Ɗiga Ƙasa

Jama'a, jiya tsohuwar motata ta yi min tsiya a tsakiyar Sabon Gari. Allurar zafi ta haye ja, injin ya kama kakari, ga ni da jarkoki cike da ruwa a baya kamar mai kurar da ya samu ƙarin girma.

Kada ku yi dariya. Tun ranar da Mai Girma Uban Ayyuka ya zo unguwarmu a Samaru ya yanka ƙyalle a gindin sabon tanki, aka yi tafi aka sha lemo, famfonmu bai sake ko tari ba. Motar nan ce rijiyarmu. Da ita nake zuwa Zabi ɗebo ruwa a gidan surukina, don matata Keziya ciwon gwiwa ya hana ta ɗaukar ko bokiti. In motar ta kwanta, gidana ya bushe.

Abin ya daɗe yana cin raina. Kullum da safe in cika lagireto, kafin yamma ruwan ya ɓace. In durƙusa in leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe ƙamas. Maƙwabcina Kefas, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba amma ya san ciwon kowace mota, ya ce in fasa ɗanyen ƙwai a ciki, zafi zai dafa shi ya toshe ramin. Na fasa. Keziya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon karin kumallonta yana shiga mota.

Jiyan dai aka taya ni tura motar zuwa garejin Paschal, bakaniken da ke lallaɓa min ita shekara da shekaru. Na fara rantse-rantse cewa ba ta yoyo, kullum ina dubawa. Shi ko ƙasa bai kalla ba. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna min, man ya koma kalar shayi mai madara. Da injin ya huce ya buɗe lagireto ya ce in tayar. Sai ga kumfa tana ta tasowa, har da gutsattsarin ƙwan Keziya, salansa kuma tana feso farin tururi.

"Baba, ruwanka bai fita waje ba," in ji shi. "Gasket ɗin da ke raba ruwa da mai ya ƙone, injin ne ke shanye shi ta ciki. Sai an buɗe kan injin."

Na tambaya ko akwai wani ɗan abin da za a zuba a lallaɓa. Ya ce in ci gaba da zubawa, in injin ya buga sai mu kira 'yan gwangwan su auna ta.

Nan na tuna da kwamitin binciken tankinmu. Bayan mun gaji da koke-koke, an turo mana manya masu bincike, riguna sun sha guga, motoci masu sanyi. Suka zagaye tankin, suka ƙura wa ƙasa ido, shugabansu har ya ɗan taɓa ta da bakin takalmi. Suka sanar cewa babu yoyo ko ɗigo, aiki ya yi kyau. Allah ya ja zamaninsu, gaskiya suka faɗa. Tankin da ruwa bai taɓa shiga ba, ta ina zai yi yoyo? Ashe ni da nake leƙen ƙarƙashin mota kullum na cancanci kujera a cikinsu ban sani ba.

Ba wanda ya zaro sanda. Ba wanda ya tambayi tumbin wa ya ƙaru, gidan wa ya samu burtsatse tun bayan aikin. Maganar buɗe kai kuwa, haba, ai rashin kunya ne ga manya. Wallahi abin da ciwo.

Motar tana can kai a buɗe, Paschal ya ce in yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Jarka ɗaya na iya kawowa a acaɓa, yau da safe ta ƙare. Na fito na tarar da Keziya tana ɗingishi da bokiti za ta roƙo a maƙwabta. Na karɓe bokitin. Ta koma ciki ta fito ta miƙo min ƙwai.

"Ungo, Baban Stephanie," in ji ta. "Biya ka fasa wa tankin, shi ma ya karya."