Rasuwar Goggo Mai Tasha Biyu

Da zuciya cike da baƙin ciki, gidan Alasan mai zanen bango, na bayan kasuwar tattasai a Diffa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar telebijin ɗinsa, wadda aka fi sani da Goggo Mai Tasha Biyu. Ta cika ranar Laraba da la'asar a kan teburinta, hayaƙi na fita ta ƙeyarta.

Marigayiya ba ta da kala, ba ta da rimot, kuma ba ta taɓa nuna wa yara tsiraici ba, abin da waɗannan sirara na zamani ba za su iya rantsuwa a kai ba. Sai an ɗan mare ta a gefe take farkawa, ta ce "shhh... ƙirrr," sannan ta kama aiki.

Baiwarta ɗaya ce. Alasan ya ɗaure eriyarta a kan doguwar gora tana kallon kogin Komadugu, sai take kamo tashar gida da ta ƙetaren kogi a lokaci guda. Saman gilashinta labarai, ƙasa tsofaffin wasannin kwaikwayo. A nan Alasan ya ga kan shugaban ƙasa a jikin maigadi yana gyangyaɗi. A nan ya ga firaminista yana jawabi da fuska murtuke, alhali ƙafafunsa na tsere wa kare. Alasan ya zauna da fensir yana kwafa. Duk bangon shagon aski da na mai shayi da kuka tsaya kuna ƙyaƙyata dariya a gabansa, daga nan har Maine-Soroa, daga cikinta ya fito. Domin Alasan ba ya zana abin da idonsa bai gani ba. A wurinsa yin haka ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun.

A sani, lafiyarta lau. Gyara ne ya kashe ta. Kellu, matar Alasan, ta gaji da kallon rabin wasa, ta jira ya tafi Gagamari, ta kira Zailani mai gyaran rediyo. Ya buɗe mata baya, ya ɗaure wannan, ya hure wancan, ya hau ya juya gora. Da Alasan ya dawo ya tarar da tasha ɗaya tangaran, shugaba daga hula har takalmi a cikin jikinsa na gaskiya, babu abin zanawa. Ita ma Goggo ba ta jure wannan wulaƙanci ba. Ta ce "fuuu... tas!" Iyakar wasiyyarta ke nan.

Ta bar eriya, da mayafin da Kellu ta saƙa mata, da kyankyasai masu yawa. Ta kuma bar maraya guda a bangon shagon Kalli mai tattasai, bakin kwalta: kan wani tsohon shugaba mai gashin baki, daga wuya zuwa ƙasa babu komai. Jandarmomi sun fara rage gudu idan sun zo wajen. Kalli ya rantse in ranar kasuwa ta zo kan na nan ba jiki, da kansa zai nuna musu ƙofar Alasan.

Ba za a yi mata salla ba, kada wani jahili ya tambaya. Za a cire kayan cikinta ranar Alhamis, a bar wa kaza akwatin ta yi ƙwai.

Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan masallaci, a gindin bangon Kalli. Abu na ƙarshe da marigayiya ta nuna a ƙarƙashin wannan kai kafin gyara shi ne mutum bisa jaki, ya juya baya, riƙe da ludayi, amma Alasan bai ƙare masa kallo ba. An samu jaki. Kellu za ta kawo ludayi. Zailani ne zai hau jakin Alasan ya kwafa, sai ya ci abinci kafin ya zo, don ba zai sauka ba sai fenti ya bushe.