Kujerar Bayan Direba

Ina kan keken ɗinki ina kalmasa bakin wata riga, ranar Alhamis da hantsi, sai ga direban gandun daji a ƙofar shagona. Na ɗauka ya zo gaya min lokacin da za a ɗauke ni ranar Asabar ne. Na turo masa benci, ya ƙi zama, ya kuma ƙi haɗa ido da ni. Ya ce Dogo ya rasu da asuba, zazzaɓin kwana biyu. Na yi salati, ƙafata ta zame daga kan keken.

Dogo ɗan gwaggona ne, abokin wasana, aminina tun muna yawo ba wando. Shekara ashirin yana yi wa manyan baƙi jagora a gandun daji, yana nuna musu namun dawa daga cikin buɗaɗɗiyar mota. Ni kuwa tela ne, ban taɓa ganin giwa ba sai a littafin firamare, kuma shekara ashirin ɗin nan ina roƙonsa ya ɗauke ni ko sau ɗaya. Ga yadda muka yi ranar Lahadi, da ya zo karɓar kakinsa na aiki.

"Ya iyali, Rediyo? Ko duk ka kurumtar da su?"

"Lafiya lau, bawana. Ka shigo wurin ubangidanka ba ka durƙusa ba."

"Gwiwar da ban durƙusa wa zaki da ita ba, da ita zan durƙusa wa tela? Ina kakina?"

"Ga shi can a rataye, har na goge. Amma ba ya fita daga shagon nan sai da kujera."

"Wace kujera?"

"Ta bayan direba. Ranar Asabar. Ina so in ga giwa, in kuma ga tantin nan naku da aka ce har bahon wanka gare shi."

"Da gadon da mutum ke nutsewa ciki. Har ma'aikaci gare mu wanda ba ya komai sai naɗe tawul ya yi kamar agwagwa."

"Ikon Allah! Mutum ya baro gidan bene, ya hau jirgi, ya zo ya kwana a tanti kura na yi masa kuka. Ni da na kwana a rumfa shekarar da ɗakina ya rushe, jaje aka yi ta zuwa yi min."

"Kai naka dole ce, su nasu hutu ne. Kuma ba kujera ce matsalarka ba, bakinka ne. A motarmu doka ɗaya ce: da an hango dabba, kowa ya yi tsit. Bara wata baƙuwa ta yi atishawa, kwana uku muna neman raƙumin dawa. Kai in ka shiga, har kunkuru sai ya yi ƙaura."

"Ni? Ai ni mutum ne mai kawaici."

"Kai da liman ya taɓa tsayar da wa'azi ya ce ka gama naka tukuna?"

"Tambaya na yi! Kuma giwa in ta gan ni ba gudu za ta yi ba, awo za ta nema. Wando zan ɗinka mata."

"Da wannan hannun naka? Ƙafa huɗu gare ta, kai da biyu ma ba ka iya daidaitawa."

Sai ya kwance agogonsa ya ɗora a kan keke.

"Minti biyar. Ka yi shiru, kujera taka ce. Ka yi ko tari, ka ba ni kakina, ka haƙura da giwa har abada."

Na cusa tef ɗin awo a baki na cije. Dogo ya sauko da kakin yana jujjuyawa.

"Wannan aljihun a karkace yake. Da ido ɗaya ka ɗinka?"

Na yi shiru.

"Telan bakin kasuwa ma ya fi ka hannu. Shi ya kamata in kai wa tun farko."

Gumi ya fara keto min. Maƙwabcina mai gyaran takalmi ya leƙo a firgice, ya ce ko lafiya, bai ji motsina ba.

"Lafiya lau," in ji Dogo. "Yanzu ya gama ce min ya ba ka keken nan kyauta. In ƙarya nake yi, ya musa."

Na runtse ido, na ƙara cije tef. A raina ina ganin giwa tana kaɗa min kunne.

Da ya ga haka, sai ya zauna a benci, ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafarsa a gwiwa. Ya miƙa hannu a hankali ya ɗauko babban almakashina, wanda ko takarda ban yarda ya taɓa ba, ya nufi farcen babban yatsansa da shi.

"Kai! Na yadi ne, jakin daji!"

Tef ya faɗi ƙasa. Dogo ya duba agogo.

"Minti uku da rabi."

Wallahi sai da idona ya cika da ƙwalla, da girmana da furfurata. Shi kuwa dariya yake har yana dafa bango, mai gyaran takalmi na taya shi.

"Share fuskarka, ubangidana. Tun da aka haife ka ba ka taɓa kai haka ba. Kuma giwa ba ta taɓa almakashin mutane. Ka ci."

Ya ciro madubin hangen nesansa daga wuya ya rataya min.

"Riƙe wannan ka fara koyo. Ta ƙaramin gefen ake leƙawa."

Madubin yana nan har yau a ƙusar da na rataye kakinsa a da. Yau ma mai gyaran takalmi ya leƙo don bai ji motsina ba, amma bai tambaye ni komai ba. Allah ya jiƙanka, Dogo, ya sa ka huta.

Ranar Lahadin nan har bakin titi na raka Dogo, madubi na lilo a ƙirjina.

"Asabar, bawana. Kada ka makara."

"Asabar, Rediyo. Ka fara tara shirun tun yanzu."